Yadda Ake Gina Labarin Ban Tsoro A Kan Uwa Da Gazawar Reno

A yawancin tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara, idan za a cuci yarinya, kishiyar uwa ake ɗora wa laifin. Ita ce ke aiken marainiya rafi da magariba, ita ce ke ba ta ƙanzo ta ajiye wa 'yarta tuwo mai laushi, ita ce kuma ke shan hukunci kafin a ce ƙurunƙus. Mahaifiya kuwa ko dai ta rasu tun farkon labari, ko kuma tana raye a matsayin bora tana shan wahala tare da 'yarta. Ba Hausawa kaɗai ke yin haka ba. Jacob da Wilhelm Grimm na ƙasar Jamus, da suka fara buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812, sun kawo labarin sarauniyar da ta sa a kai wata yarinya daji a kashe saboda kishin kyawunta, kuma a wannan bugun sarauniyar ce ta haifi yarinyar. A bugu na biyu, a 1819, sai suka mayar da ita matar uba.

Ƙagaggen labarin ban tsoro na manya ya koma ya ɗauko abin da tatsuniya ta kauce masa, wato abin da ke faruwa idan cutarwa ta fito daga hannun da ya kamata ya yi kariya. Batu ne mai nauyi a wurinmu, domin mun tashi da hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ambaci uwa sau uku kafin ya ambaci uba, muna kuma cewa tsakanin ɗa da uwa sai Allah. Wannan nauyin ne ke ba irin wannan labari ƙarfi, domin mai karatun da ya yarda cewa babu wuri mai aminci kamar bayan uwa, shi ne zai fi razana idan aka nuna masa wurin ya daina zama mafaka. Abin da ke tafe shawarwari ne ga marubucin da ke son gwada wannan fage da Hausa, ba tare da ya ci zarafin iyaye mata ba, kuma ba tare da ya yi wa mai karatu ƙarya ba.

A fara da gazawar kafin a nemo dodo

Kuskuren da na fi cin karo da shi a labaran ban tsoro da ake yaɗawa a WhatsApp da Wattpad shi ne marubuci ya fara zana aljanarsa, da kofato da gashi har gadon baya, sannan ya shiga neman gidan da zai jefa ta. A irin labarin da muke magana a kai, tilas a juya wannan tsari. Kafin a rubuta babi na farko, marubuci ya zauna ya rubuta wa kansa jimla guda da ke faɗin abin da uwa ko uba ya aikata, ko ya ƙi aikatawa, a wace rana, a wane ɗaki, yaron kuma yana da shekara nawa. Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, labarin bai nuna ba tukuna.

Babu misalin da ya kai Frankenstein na Mary Shelley, wanda aka buga a Ingila a 1818. Mutane da yawa sun ɗauke shi labarin masanin kimiyyar da ya wuce gona da iri, kuma haka ne, amma wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga inda masifar ta soma. Victor, masanin kimiyyar, ya shafe kusan shekara biyu yana harhaɗa wata halitta mai siffar mutum, ya ƙaurace wa danginsa, ya hana kansa barci. A daren da halittar ta buɗe ido, ya dube ta, ya ga muninta, ya fice daga ɗakin a guje. Da ta biyo shi bakin gadonsa ta miƙo hannu, sai ya sake tserewa zuwa tsakar gida ya bar ta. Bai raɗa mata suna ba, bai ciyar da ita ba, bai koya mata kalma ko ɗaya ba, ita kaɗai ta koyi magana ta hanyar leƙen wasu iyali ta wata 'yar kafa a bango. Duk kisan da ya biyo baya, tun daga na ƙaramin ƙanin Victor har zuwa na amaryarsa, daga wannan juya bayan ya tsiro. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi kuwa Victor ya yanke ya yar, hannun ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Yana da kyau a san wadda ta rubuta wannan. Mahaifiyar Mary Shelley ta rasu a 1797, kwana goma sha ɗaya bayan ta haife ta, ita kanta Mary ta haifi bakwaini a 1815 ta rasa ta cikin mako biyu, sannan ta soma littafin a 1816 tana da shekara 18. Ko da yake babu uwa a tsakiyar labarin, wadda ta riƙe alƙalamin ta san haihuwa da rashi ta fuska biyu. Abin da marubuci zai ɗauka a nan shi ne ƙanƙantar laifin farko na Victor. Bai wuce na minti guda ba, kuma duk wanda ya taɓa tsorata zai fahimci dalilinsa.

Gazawar ba lallai ta zama yasarwa ba. A Carrie na Stephen King, wanda ya fito a 1974, uwar tana nan daram, tana sa ido dare da rana, amma tsananin aƙidarta ya sa ba ta taɓa gaya wa 'yarta komai game da jinin al'ada ba, har yarinyar ta gan shi a makaranta tana da shekara 16 ta zaci mutuwa za ta yi, kuma da ta koma gida kulle ta aka yi a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki ta nemi gafara. A Beloved na Toni Morrison kuwa, na 1987, ƙauna ce ta yi kisan. An gina shi a kan abin da ya faru da Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentucky ta ƙetare kogin Ohio a 1856, da masu kama bayi suka cim mata sai ta kashe 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Na kawo waɗannan biyun ne domin marubuci ya ga faɗin filin da ke gabansa, daga uwar da tsoro ya sa ta ƙuntata wa 'yarta zuwa wadda duniya ta toshe wa kowace hanya. A cikinsu babu wadda ta wayi gari da niyyar zama muguwa, kuma marubucin da ya kasa gano hujjar da uwar labarinsa ke ba kanta, bai san ta ba tukuna.

Dodon ya ɗauki kamannin laifin

Bayan an tsayar da gazawar, sai a nemi abin tsoron da ya dace da ita, kamar yadda ake yanka wa mutum riga daidai jikinsa. A The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, na 1959, Eleanor ta yi shekara goma sha ɗaya tana jinyar mahaifiyarta, kuma tana ɗauke da zargin kanta cewa a daren da tsohuwar ta rasu ta yi ta buga bango tana kiranta, ita kuwa ba ta farka ba. Da ta shiga gidan da ake cewa yana da fatalwa, abin da ya zo mata cikin dare bugun ƙofa ne. Da a ce inuwa mai jan ido aka aiko mata, da mai karatu ya ɗan firgita ya manta, amma bugun ya shiga daidai inda ciwonta yake.

Bari in gina misali daga gida, in bi shi har ƙarshe. Akwai matar da ke wabi, ta binne 'ya'ya uku kafin a yaye su. Yarbawa suna kiran irin wannan yaro abiku, Ibo suna cewa ogbanje, kuma Chinua Achebe ya zana irin wannan uwa a Things Fall Apart, wadda ta haifi goma ta binne tara. A al'adarmu ta da, akan ɗauki jaririn mai wabi a ajiye a juji kamar ba a son sa, a kira shi Ajuji ko Ayashe, don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Masana lafiya sun danganta wani ɓangare na irin wannan mutuwar jere da cutar sikila, kuma ya kamata marubuci ya san haka ko da ba zai ambata ba, don kada ya rubuta kamar yana tabbatar da camfi. To, a labarinmu haihuwa ta huɗu mace ce, an yi mata al'adar juji, ta kuma rayu. Sai dai uwar, saboda tsoron kada zuciyarta ta sake tsagewa, ta mayar da wasan gaskiya. Tana shayar da ita, tana yi mata wanka, amma ba ta kallon idonta, ba ta yi mata waƙa, ba ta taɓa goya ta ba. Jimlarmu guda ke nan: ta ƙi goya 'yarta.

Wane abin tsoro ne ya dace da wannan? A ganina, wani abu ne da ke reno a madadinta. Wata safiya tana yi wa yarinyar wanka sai ta ga shatin majanyi a cinyoyinta, alhali babu wanda ke goya ta a gidan. Bayan kwanaki ta ji ta tana rera waƙar lallashi da ba wanda ya koya mata. Daga baya ta same ta da sabon kitso, ƙanana masu kyau, irin waɗanda sai an zaunar da yaro tsakanin ƙafafu an daɗe ana yi. Ranar da yarinyar ta fara cewa Inna, fuskarta na kallon lungun bayan randa. A lura cewa har yanzu babu jini, babu ihu, ba a cuci kowa ba. Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne wannan abu ya fi uwar iya reno, kuma ita ta sani.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa kayan tsoron irin wannan labari su ne kayan reno na yau da kullum: zanen goyo, kwanon kunu, tukunyar ruwan wankan jego, tabarmar da yaro ke kwana a kai, ƙofar da aka tabbatar an sa wa sakata. Mai karatu ya san ƙamshinsu da nauyinsu, saboda haka canji kaɗan a cikinsu ya isa. A riƙa sakin alamomin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta baya kusanci da jikin yaron, a bar tazarar rayuwar gida tsakaninsu, a yi daka, a yi shara, a karɓi baƙi. A kuma bar wa uwar hanyar da za ta yi wa kanta bayani a farko, ta ce wataƙila maƙwabciya ce ta yi kitson, domin ƙin ganin abin da ke gabanta ci gaban gazawar tata ce.

Alkunya da shirun gida

Akwai wata dama da marubucin Hausa ke da ita wadda marubutan Turai da Amurka ba su da ita, kuma ina mamakin yadda ba a cika amfani da ita ba. Al'adarmu ta koya wa uwa alkunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna damuwa idan ya faɗi, wani lokaci ma a kan yaye shi a kai wa kaka ko gwaggo riƙo. Wannan kunya ce mai daraja, kuma galibi akwai ƙauna mai zurfi a ƙarƙashinta. Amma daga waje, alkunya da sanyin zuciya kamanninsu ɗaya. Uwar da ta janye daga ɗanta da gaske za ta iya shekaru a gida cike da mutane babu wanda ya lura, har a riƙa yaba mata kawaici. A misalinmu ma, duk wanda ya ga matar tana kawar da kai daga 'yarta zai ce dabarar masu wabi ce. Labarin ban tsoro yana rayuwa ne a irin wannan wuri, inda kowa ke gani amma kowa ya fassara abin da ma'ana mai kyau.

Wannan ya kawo mu ga sauran mutanen gidan, waɗanda bai kamata a bar su a matsayin kayan ado ba. Reno ba aikin mutum ɗaya ba ne, gazawarsa ma haka. Ina uban yake? Idan yana fita da asuba ya dawo bayan isha, ya tambayi abinci bai tambayi yarinya ba, a nuna haka a sarari, a maimaita har mai karatu ya ji rashinsa kamar wani mutum ne a ɗakin. Uwar miji da ke ƙirga kaburbura a bakinta, da maƙwabciyar da ta lura ta ce ba ruwanta, duk suna da kaso. A gajeren labarin Charlotte Perkins Gilman na 1892, The Yellow Wallpaper, mai jego ce ke fama da damuwa, mijinta likita ya killace ta a ɗakin sama ya hana ta rubutu da ganin mutane da sunan hutu, yana yi mata magana mai taushi har hankalinta ya gushe. Babu duka, babu zagi, amma mai karatu ya san wanda ya gaza. Labarin da ya tara dukkan laifi a kan uwa ya wanke kowa, ya koma tatsuniyar kishiya ne da sabon suna.

Idan uwar labarin na fama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ciwo ne na gaske da ake magani, a rubuta shi da sani da tausayi. Akwai masu jego a cikin masu karatu da ke jin irin wannan nauyin suna ɓoyewa, kuma bai dace su rufe littafi da tunanin cewa su dodanni ne ba. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance, ita ce hoton da ya kamata marubuci ya riƙe: mutum biyu ne ke buƙatar ceto.

Game da wanda zai ba da labarin, na fi son a zauna cikin kan uwar, domin a nan ne mai karatu zai ji hujjarta ya kuma tsorata da yadda ya yarda da ita. Idan aka zaɓi idon yaro, a tuna cewa yaro ba ya yanke wa uwarsa hukunci, yana ɗaukar abin da ake yi masa a matsayin yadda duniya take, kuma wannan rashin ƙorafin ya fi kuka ciwo. Wahalar yaro kuwa a taƙaita nuna ta. Kwanon abincin da aka samu ba a taɓa ba ya wadatar, ba sai an bayyana duka dalla-dalla ba.

Malam, ruƙiyya da rufe labari

A nan ne labarai da yawa ke zubewa. An gina tsoro babi ashirin, sai a kira malam, ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita, a gano cewa kishiya ce ta yi asiri, kowa ya koma farin ciki. Matsalar wannan rufewa ita ce ta mayar da uwar marar hannu a cikin abin da ya faru, alhali an gina labarin ne a kan abin da ta yi. Ba ina cewa a cire malam ba, domin a gidan Musulmi babu yadda za a ga irin waɗannan alamu a ƙi neman addu'a, kuma labarin da ya tsallake wannan ba zai gamsar da mai karatunmu ba. A kawo shi, a girmama karatunsa, a bar addu'ar ta yi aiki. Abin da ba za ta ɗauke wa uwar ba shi ne shekarun da ta yi tana kawar da kai.

Marubutan da suka ƙware sun san wannan. A Beloved, matan unguwa ne suka taru a ƙofar gida da addu'a da waƙa har fatalwar 'yar da aka kashe ta ɓace, amma an bar uwar kwance, ta rame, sai an lallashe ta ta yarda cewa ita ma rayuwarta na da daraja. A fim ɗin The Babadook na Jennifer Kent, na ƙasar Ostareliya wanda ya fito a 2014, matar da mijinta ya mutu a hatsarin mota yana kai ta asibiti haihuwa ba ta kashe dodon ba. Ta tsare shi a ɗakin ƙasa tana kai masa abinci, ta fito ta rungumi ɗanta, domin baƙin cikin da ya haifi dodon ba ya mutuwa, sai dai a san inda aka ajiye shi.

A misalinmu, ga yadda zan bi. Malam ya yi karatu kwana uku, lungun bayan randa ya koma lungu kawai, shatin majanyi ya daina bayyana. Sai yarinyar, wadda yanzu ta kai shekara huɗu, ta daina cin abinci, ta zauna tana fuskantar lungun tana kiran Inna da muryar da ke ƙara dushewa kullum. A wurinta maraici aka jawo mata, kuma uwar ta gane cewa wannan karon ma za ta iya binnewa, ba tare da wani aljani ya sa hannu ba. A daren ƙarshe ta buɗe akwati ta ɗauko majanyin da ta saya tun cikin fari, ta durƙusa ta ɗora yarinyar da ta wuce goyo a bayanta, ƙafafunta na lilo har gwiwa, ta shiga zagaya tsakar gida. Ba ta san waƙar lallashi ko ɗaya ba sai wadda ta riƙa ji ta bango a dararen baya, saboda haka ita ta rera. Yarinyar ta yi shiru, ta kwantar da kai a kafaɗarta, can ta tambaye ta a hankali wa ya koya mata. A kan wannan tambayar zan ajiye alƙalami, in bar uwar tana tafiya da goyonta ba ta amsa ba.